Kuɗin da Ba a Bayyana Ba da Makomar Kujera: Nazari kan Shugabannin Siyasar Zamfara ta Yamma

Mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Zamfara ta Yamma, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun da Anka da Bukkuyum da Gummi, ita ce ta fitar da uku daga cikin gwamnoni biyar da aka rantsar a jihar tun dawowar mulkin farar hula a 1999, kuma ukun nan sun fito ne daga ƙananan hukumomi uku masu maƙwabtaka da juna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari Abubakar na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Muhammad Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023, wato shekara 20 ke nan daga cikin 24 na farkon Jamhuriya ta Huɗu. Hukumomin bincike na tarayya sun taɓa bibiyar kowannensu a kan harkar kuɗi, kowannensu ya musanta abin da aka zarge shi da shi, babu wanda kotu ta taɓa samu da laifi a cikinsu, sannan kowannensu ya ci gaba da riƙe babban muƙami bayan zancen binciken ya fito fili.

Wannan maƙala ba ta da hurumin yanke hukunci a kan laifin kowa ko kuɓutarsa, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da akasin haka. Abin da take son nunawa shi ne, tsarin da Najeriya ke bi ya raba tsakanin makomar kuɗi da makomar kujera, ta yadda kuɗin da ake shakkar asalinsu za su iya komawa baitulmali bisa umarnin kotu ba tare da kujerar wanda aka danganta su da shi ta girgiza ba, kuma abin da ke raba shugaba da muƙaminsa a zahiri yakan zo ne ta wata ƙofa dabam wadda ba ta da alaƙa da kuɗin.

Abin da doka ta tanada

Abin da ake nufi da kuɗin da ba a bayyana ba a nan shi ne duk wani biya da ya fito daga harkar kasuwanci, ko la'ada ce ko kason kwangila ko ladan shiga tsakani, ya isa hannun mai muƙami ko kamfanin da yake da hannu a ciki, ba tare da an rubuta shi a inda doka ta ce a rubuta ba. Irin wannan biya ba lalle ne ya zama sata ba, yana iya zama halastacciyar riba, amma ɓoye shi yana hana jama'a sanin wanda shugabansu ke jin nauyinsa a lokacin da yake raba kwangila ko yake sa hannu a kan takardar ciwo bashi, kuma Hausawa sun daɗe da sanin cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar masu riƙe da muƙaman gwamnati, ya yi wa wannan batu tanadi mai tsauri in dai a takarda ne. Ya hana mai muƙami sa kansa a inda bukatar kansa za ta ci karo da aikinsa, ya hana shi gudanar da kasuwanci ban da noma, ya hana gwamna da minista da ɗan majalisa ajiye kuɗi a bankin ƙasar waje, ya kuma ɗauki duk wata kyauta da ta fito daga kamfani ko ɗan kwangilar da ke hulɗa da gwamnati a matsayin saɓa wa doka sai an kawo hujjar da ta nuna ba haka ba ne. Sakin layi na 11 ya wajabta wa mai muƙami ya rubuta wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata dukkan kadarorinsa da basussukan da ake bin sa, har da na 'ya'yansa da ba su kai shekara 18 ba, a lokacin kama aiki da bayan kowace shekara huɗu da kuma ranar sauka, ya ƙara da cewa duk dukiyar da aka samu bayan an cike takardar, wadda ba za a iya jingina ta ga albashi ko bashi ko kyautar da doka ta amince da ita ba, za a ɗauke ta a matsayin haramtacciya. Hukuncin da Kotun Ɗa'ar Ma'aikata za ta iya yankewa ya haɗa da sauke mutum daga muƙami, da hana shi riƙe wani har tsawon shekara goma, da ƙwace dukiyar.

Gibin yana cikin jadawali na uku, inda aka ce hukumar za ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar duba waɗannan takardu bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Majalisar ba ta gindaya su ba, hukumar kuwa ta sha fakewa da wannan ta ƙi sakin takardun ga 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula, ko da bayan an kafa Dokar 'Yancin Samun Bayanai a 2011. Don haka bayyana kadara a Najeriya ya zama sirri tsakanin mai muƙami da ma'aikacin da ke ajiye fayil, in ban da wanda ya ga dama ya wallafa tasa da kansa kamar yadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi a 2007. Manomin Bakura ko malamin makarantar firamare a Jangebe ba shi da hanyar kwatanta abin da gwamnansa ya mallaka ranar rantsuwa da abin da ya mallaka ranar miƙa mulki, alhali shi ne wanda dokar ta ce an yi tanadin dominsa.

Sai kuma sashe na 308, wanda aka fi sani da rigar kariya, da ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamna da mataimakinsa a gaban kotu ko a kama su muddin suna kan mulki. Kotun Ƙoli, a shari'ar da Gani Fawehinmi ya shigar da Sufeto Janar na 'Yan Sanda wadda ta yanke a 2002, ta fayyace cewa kariyar ba ta hana bincike ba, gurfanarwa kawai ta hana, amma binciken da ba zai kai ga kotu ba sai bayan shekara huɗu ko takwas yakan tarar shaidu sun watse, takardu sun ɓace, siyasa kuma ta sauya.

Kuɗin Paris Club da ladan masu shiga tsakani

Misalin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na kuɗin da aka mayar wa jihohi, waɗanda aka fi sani da kuɗin Paris Club, da sunan ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi da ke zama a birnin Paris. A 2005 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta yi yarjejeniya da ƙungiyar, aka yafe wa Najeriya kimanin dala biliyan 18 ita kuma ta biya kimanin biliyan 12. Daga baya jihohi da ƙananan hukumomi suka yi ƙorafin cewa tsakanin 1995 da 2002 Gwamnatin Tarayya ta riƙa yankar kason da suke samu daga asusun tarayya fiye da ƙima da sunan biyan bashin ƙasashen waje, suka nemi a dawo musu da rarar. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta saki kashi na farko, sama da naira biliyan 500, a ƙarshen 2016, sai kashi na biyu, sama da naira biliyan 240, a 2017, a lokacin da jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, tare da fatan a fara da albashin ma'aikata da haƙƙin 'yan fansho.

Abdul'aziz Yari shi ne shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya daga 2015 zuwa 2019, wato a daidai lokacin da aka saki kuɗin. Ƙungiyar ba hukuma ce da Kundin Tsarin Mulki ya kafa ba, ƙungiya ce ta gwamnoni mai rajista, amma ta hannunta aka bi da wani kaso na kuɗin a matsayin ladan masu ba da shawara, wato lauyoyi da akantoci da kamfanonin da suka ce su ne suka tono lissafin rarar suka kuma bi kadinsa. Nan ne matsalar tsari ta fito, domin sashe na 120 ya ce ba za a taɓa kuɗin jiha ba sai da amincewar majalisar dokokinta, sashe na 125 kuma ya ɗora wa babban mai binciken kuɗi na jiha alhakin duba yadda aka kashe su, amma kuɗin da aka cire tun a Abuja kafin su shiga asusun jiha ba su bi ta gaban majalisar dokoki a Gusau ba, ba su kuma shiga littafin da mai binciken zai duba ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla da masu ba da shawarar, da adadin da aka yi musu alkawari, da sunayen masu kamfanonin na haƙiƙa, duk ba a shimfiɗa su a gaban jama'a ba sai abin da ya ɓulla a takardun kotu.

A tsakiyar 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarnin mallaka wa gwamnati naira miliyan 500 da dala 500,000 waɗanda Hukumar EFCC, mai yaƙi da masu yi wa tattalin arziki zagon ƙasa, ta ce ta gano a hannun wasu kamfanoni biyu, ta kuma ce sun samo asali ne daga wancan kaso, ta danganta su da gwamnan, shi kuwa ya musanta cewa yana da hannu. A farkon 2021, bayan ya sauka, wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta sake ba da umarnin mallaka wa gwamnati wasu kuɗi da ke cikin asusun banki da Hukumar ICPC, mai yaƙi da cin hanci da rashawa, ta danganta da shi. A watan Mayun 2022 EFCC ta tsare shi domin amsa tambayoyi a binciken da take yi wa Akanta Janar na Tarayya na lokacin, Ahmed Idris, wanda daga baya aka gurfanar a kan tuhumar da ta shafi naira biliyan 109, amma sunan tsohon gwamnan bai fito a cikin waɗanda aka gurfanar ba. Wata tara bayan haka ya ci zaɓen ɗan majalisar dattawa mai wakiltar Zamfara ta Yamma, kuma a ranar 13 ga Yunin 2023 ya nemi shugabancin majalisar, ya samu ƙuri'a 46 yayin da Godswill Akpabio, ɗan takarar da jam'iyya da fadar shugaban ƙasa suka mara wa baya, ya samu 63.

Fahimtar yadda waɗannan abubuwa suka iya haɗuwa a kan mutum ɗaya tana bukatar bayanin abin da lauyoyi ke kira ƙwace dukiya ba tare da samun mutum da laifi ba. A irin wannan ƙara, wadda sashe na 17 na dokar yaƙi da damfara ta 2006 ya ba da dama gare ta, kuma dokar kula da dukiyar da aka ƙwato ta 2022 ta faɗaɗa, dukiyar ce ake ƙara ba mai ita ba. Hukuma takan nuna wa alƙali dalilin zargin cewa kuɗin haramtattu ne, alƙali ya ba da umarnin wucin gadi, a buga sanarwa a jarida cewa duk mai ikirarin mallaka ya zo ya kawo hujja, in ba a zo ba ko hujjar ba ta gamsar ba sai kuɗin su zama na gwamnati. Hanya ce mai sauri, kuma rigar kariya ba ta toshe ta ba, shi ya sa aka iya binta a 2017 gwamna na kan mulki. Sai dai ba ta haifar da hukuncin laifi, alhali sassa na 66 da 182 na Kundin Tsarin Mulki ba sa hana mutum takarar majalisa ko gwamna a kan batun kuɗi sai in kotu ta same shi da laifin rashin gaskiya ko zamba, ko Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta same shi da saɓa wa ƙa'idojinta, a cikin shekara goma kafin zaɓe. A da akwai sakin layin da ya hana takarar wanda kwamitin bincike ya samu da almundahana, amma an yi amfani da shi wajen yi wa abokan hamayya tarnaƙi, musamman a yunƙurin hana Atiku Abubakar takara a 2007, sai aka soke shi a gyaran 2010. Sokewar tana da hujja mai ƙarfi, amma ba a maye gurbinsa da komai ba.

Rigimar ladan masu ba da shawarar ba ta ƙare da wa'adin Yari ba. A 2021 da 2022 gwamnoni, ƙarƙashin shugabancin Kayode Fayemi, sun ja da Ministan Shari'a Abubakar Malami a kan wasu dala miliyan 418 da wasu mutane da kamfanoni suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi, inda ministan ya dage cewa akwai hukunce-hukuncen kotu da alkawuran da aka riga aka ɗauka, gwamnonin kuma suka ce a fara tantance aikin da aka yi. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, kuɗin da ake jayayya a kai daga kason jihohi irin Zamfara za a cire su, jihar da harajin da take tarawa a cikin gida bai taka kara ya karya ba, kusan dukkan albashi da ayyukanta sun dogara ne da kason wata-wata.

Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ya faru a Nuwambar 2019, lokacin da wasiƙar da Yari ya rubuta yana neman a biya shi alawus ɗin naira miliyan 10 na kowane wata, wanda dokar jiha ta tanadar wa tsofaffin gwamnoni, ta fito a kafofin yaɗa labarai. Biyan halas ne a lokacin, a rubuce yake a doka, adadinsa kuma ƙarami ne in aka gwada shi da alƙaluman Paris Club, amma da yake jama'a sun ga takardar da idonsu, kuma sabuwar gwamnati ta jam'iyyar hamayya ce, majalisar dokokin jihar ta soke dokar cikin 'yan kwanaki. Abin da aka gani ya jawo mataki nan take, wanda ba a gani ba kuwa ya shafe shekaru a kotu.

Bakura da Maradun

Batun Yariman Bakura bai shafi biyan kamfanoni kai tsaye ba, don haka ba ya bukatar dogon tsayawa. ICPC ta gurfanar da shi a Gusau a 2016 a kan zargin karkatar da wani ɓangare na bashin naira biliyan 1 da aka ciwo domin gyaran madatsar ruwan Gusau da ta ɓalle a 2006, wato shekara tara bayan ya sauka daga gwamna, shari'ar ba ta kai ga samunsa da laifi ba, ya kuma kammala wa'adinsa na uku a majalisar dattawa a 2019.

Na Matawalle ya fi ba da haske ta fuskar lokaci. An yi zaɓen gwamna ranar 18 ga Maris 2023, Dauda Lawal na jam'iyyar PDP ya kayar da shi. Wata biyu cif bayan haka, ranar 18 ga Mayu, saura kwana 11 rigar kariyarsa ta faɗi, EFCC ta sanar cewa tana bincikensa a kan zargin karkatar da naira biliyan 70 na bashin da aka ciwo daga banki domin ayyuka a ƙananan hukumomi, ta ce kamfanoni fiye da 100 sun karɓi kuɗi ba tare da shaidar aiki ba. Gwamnan ya musanta, ya kuma mayar da martani a wata hira da Sashen Hausa na BBC cewa shugaban hukumar, Abdulrasheed Bawa, ya nemi cin hancin dala miliyan 2 daga wurinsa, zargin da shi ma Bawa ya musanta. Ranar 14 ga Yuni sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya dakatar da Bawa, jami'an tsaro na farin kaya suka tsare shi har zuwa Oktoba, a watan Agusta kuma aka rantsar da Matawalle a matsayin ƙaramin ministan tsaro bayan majalisar dattawa ta tantance shi. Majalisar ta amince da mutum 45 daga cikin 48 da aka aika mata a wancan zama, kuma dalilin da ta bayar na jingine sauran ukun, ciki har da Nasiru El-Rufa'i, rahoton tsaro ne ba batun kuɗi ba.

Jerin kwanakin nan ya nuna cewa masu zaɓe a Zamfara sun yanke hukuncinsu ne ba tare da sun ji wannan zargi daga bakin hukuma ba, a kan dalilan da suka fi kusa da rayuwarsu, waɗanda babu mamaki tsaro ne kan gaba a jihar da aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni daga Satumbar shekarar. Ya kuma nuna cewa idan mai bincike da wanda ake bincike suka zargi juna a bainar jama'a, kuma babu takardar da kowa zai iya dubawa da kansa, to zancen yakan koma na wa ya fi ƙarfi a Abuja, jama'a kuma su rabu gida biyu bisa layin jam'iyya.

Abin da ke raba shugaba da kujera

Idan aka duba lokutan da manyan 'yan siyasar jihar suka rasa muƙami ba da son ransu ba, za a tarar babu ɗaya da binciken kuɗi ya haddasa. Ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da jam'iyyar APC ta samu a Zamfara saboda ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba, hukuncin da ya raba Yari da kujerar majalisar dattawa da ya riga ya ci, ya kuma ɗora Matawalle a kan kujerar gwamna duk da shi ne ya zo na biyu. Rikicin cikin gida na jam'iyya ya yi a rana ɗaya abin da hukumomin bincike biyu ba su yi ba a shekaru. Haka nan sashe na 188, wanda ya ba majalisar dokokin jiha ikon tsige gwamna ko mataimakinsa da rinjayen kashi biyu bisa uku bayan kwamitin mutum bakwai da Babban Jojin jiha ya naɗa ya tabbatar da zargi, bai taɓa aiki a kan wani gwamnan Zamfara ba, amma a Fabrairun 2022 majalisar mai kujeru 24 ta yi amfani da shi ta tsige mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau, wanda ya ƙi bin gwamnan zuwa APC a 2021. Kiranye kuwa, wato damar da sashe na 69 ya ba masu zaɓe su janye wakilinsu da sa hannun fiye da rabin masu rajista, bai taɓa yin nasara a kan ɗan majalisar dattawa ba, kuma yunƙurin da aka yi wa Dino Melaye a Kogi a 2018 ya mutu tun a matakin tantance sa hannu.

Masu muƙamin naɗi su ne suka fi saurin faɗuwa, ba don hujjar da ke kansu ta fi nauyi ba sai don mutum ɗaya ne ke riƙe da makomarsu. Babachir Lawal, Sakataren Gwamnatin Tarayya, an dakatar da shi a Afrilun 2017 aka sallame shi a Oktoba bayan kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Shehu Sani ya ce wani kamfani da yake da alaƙa da shi ya karɓi kuɗi daga 'yan kwangilar shirin farfaɗo da Arewa maso Gabas, amma kotu ta wanke shi a 2022. Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen ya rasa kujerarsa a 2019 a kan asusun banki da bai rubuta a takardar kadararsa ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a 2024. A ɗaya ɓangaren, tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye ya ci gaba da amsa sunan sanata yana gidan yari bayan an ɗaure shi a 2018 har wa'adinsa ya ƙare, daga baya kuma aka yi masa afuwa a 2022.

Ƙasashen waje ma ba su tsira daga wannan ba, sai dai wasu sun ɗaure bayyanawa da kujera ɗaurin da ya fi na Najeriya ƙarfi. Kotun Ƙolin Pakistan ta sauke Firayim Minista Nawaz Sharif ranar 28 ga Yulin 2017 saboda bai rubuta a takardar takararsa albashin da wani kamfanin ɗansa da ke Dubai ya yanka masa ba, ko da yake ya ce bai taɓa karɓa ba, ta dogara da sashen tsarin mulkinsu da ya shardanta wa ɗan majalisa gaskiya da riƙon amana. A Afirka ta Kudu kuwa, inda aka sace dala 580,000 daga gonar shugaba Cyril Ramaphosa a 2020, kuɗin da ya ce na cinikin ɓakane ne, kuma zancen bai fito ba sai 2022, majalisa ta ƙi buɗe shari'ar tsigewa da ƙuri'a 214 a kan 148 saboda rinjayen jam'iyyarsa. Misali na biyu ya kamata ya ja hankalin masu nazarin dokar Najeriya, domin noma da kiwo su ne sana'ar da aka bar wa mai muƙami, kuma a yanki irin na madatsar Bakolori, inda babban mutum ba ya rasa gona da garke, duk kuɗin da aka rasa yadda za a bayyana ana iya jingina su ga amfanin gona.

Tambayar asalin dukiyar shugaba ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru, kuma labarin haɗuwarsa da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami, inda ya ƙi karɓar kyautar zinariya ya nemi wasu bukatu na jama'a a madadinta, sananne ne ga duk ɗalibin tarihin jihadi. A littafinsa Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin al'adun da ya soki sarakunan zamaninsa da su, hadisin Ibnul Lutbiyya kuma, mai karɓar zakka da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi amincewa ya riƙe abin da aka ba shi da sunan kyauta, yana cikin Buhari da Muslim. Abin lura ne cewa jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999 ba ta mayar da wannan ƙa'ida dokar da ta wajabta wa gwamnanta wallafa kadarorinsa ba. A maimakon haka ma'aunin da ya fi tasiri a kasuwar Talatar Mafara da majalisun unguwa shi ne na kyauta, wato wa ya raba hatsi da azumi, wa ya aiko raguna da layya, wa ya biya kuɗin asibiti, kuma a inda ɗan bindiga ya hana noma ba a sa ran wanda aka miƙa wa buhun gero ya tambayi inda aka samo shi.

Sauyi mafi muhimmanci da aka samu a 'yan shekarun nan shi ne dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta wajabta wa kowane kamfani bayyana duk mutumin da ke da kashi biyar cikin ɗari na hannun jari ko na ikon yanke shawara, da rajistar mamallaka na haƙiƙa da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta buɗe wa jama'a a intanet a Mayun 2023. Da wannan, ɗan jarida a Gusau ko ɗalibi a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau zai iya binciko wanda ke bayan kamfanin da aka ba kwangila, in har an wallafa sunan kamfanin da adadin kwangilar, abin da majalisar dokokin jiha ke da ikon wajabtawa ba tare da jiran Abuja ba. Rajistar ba ta nuna komai sai abin da kamfanin ya rubuta, kuma sa sunan ƙane ko suruki ko yaron gida a matsayin mamallaki abu ne mai sauƙi. Sakin layi na 13 na ƙa'idojin ɗa'a ya riga ya hango wannan, ya ce duk abin da mai muƙami ya aikata ta hannun wakili ko amintacce kamar shi ya aikata da kansa, amma Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke miƙa irin wannan ƙara gaban kotunta, shugaban hukumar da mambobinta kuwa shugaban ƙasa ne ke naɗa su.